Murɗin Hagu

Talata, bayan an tashi kasuwa

Yau na sayar wa wani mutumin Garbadu tiyo. Ya tafi yana murna ya cuce ni, ni ma na zauna ina murna na cuce shi. Irin cinikin da nake so ke nan. Tun ina saurayi nake cikin wannan rumfa a kasuwar Mafara, tiyo, kilif na matse tiyo, robar tif, kayan injin ban ruwa. Daga Bakura har Maradun ba manomin rani da bai ɗanɗani bakin Ishaku Mai Tiyo ba. Mutum ɗaya ce bakin nan ba ya aiki a gabanta, kuma tun jiya tana gidana.

Ɗiyar Inna ta zo goyon ciki. Haka nake ce mata, don ita ce 'yata ta fari, ni da uwarta Hindu ba wanda ya taɓa kama sunanta. Ana yaye ta Inna, mahaifiyata, wadda duk Damri ke kira Marka, ta goye ta ta tafi da ita. Can ta tashi tana jin ƙannena na ce mini Yaya, ita ma ta ɗauka. Har yau, da aurenta da karatunta, Yaya take ce mini. Da a Damri za ta haihu, sai mijinta Sharhabilu ya ce nan ya fi kusa da asibiti, ga kuma hanya yadda ta zama. Inna ta ce to, amma ƙafarta ƙafar ɗiyarta. Sun iso tare, da ƙullin kanwa da buhun gero, kamar an ce musu yunwa ake a gidana.

Ban dubi fuskar ɗiyar Inna ba, ba a yi. Amma ni ƙafar mutum nake fara kallo, takalminsa ke gaya mini farashin da zan faɗa. Silifas ɗin mijinta ne a ƙafarta. Nata sun daina shiga.

Alhamis, bayan la'asar

Ina shan fura a tabarma sai na ji murya daga bakin ɗakin Inna.

"Yaya, kana da waya mai laushi a rumfa?"

Na tambayi ƙwaryar furar, "Ta saye ko ta kyauta?"

"Ta kyauta."

"Jiya ta ƙare."

Hindu ta tuntsire da dariya a madafa, sai ta tuna bai kamata a ce ta ji ba, ta mai da shi tari.

Ga abin da ake so. Digiri na biyu take yi a Sakkwato, bayan ta haihu za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta, kuma tana son ta riƙe abin da take magana a kansa a hannu, ba a allo kaɗai ba. Ni a aji uku na sakandare muka yi sallama da boko, amma na ce a gwada ni. Ta ɗora kwamfutarta a kan turmi, ta juyo da ita wajena, ta koma nesa ta zauna.

Sunan abin endotelin. Sai da na sa ta maimaita har bakina ya iya. Ta ce bangon jijiyar jini ke fitar da shi, shi kuma ya sa jijiyar ta tsuke. Na ce kilif ke nan. Ta ce kilif ne, sai dai jiki ke ƙera abinsa, kuma da wuya a sami abin da ya kai shi ƙarfin matsa a jikin ɗan Adam. Kowa na da shi, har ni, har Inna. Ba mugu ba ne. Wannan na gane ba sai an ƙara ba. In ba ka ɗan matse bakin tiyo ba, ruwa ba ya kai ƙarshen fangali. In kuma ka matse da yawa, inji ya yi ta gurnani, albasar da ke can ƙarshe ta bushe.

A allon, abin kamar tsutsa ce da ta naɗe tana juyi. Ƙwaya ashirin da ɗaya a jere kamar carbi. Huɗu daga ciki masu farar wuta ne, suna kama juna bibbiyu kamar an yi musu gada, ta farko da ta sha biyar, ta uku da ta sha ɗaya, shi ya sa carbin ba ya miƙewa. Tsakiyarsa ta murɗe kamar sifirin. Sai wutsiya, ƙwaya shida, ta ƙarshen babba. Wutsiyar ke nutsewa cikin wani gurbi a jikin jijiya, kamar makulli a kwaɗo. A cire ƙwayar ƙarshen, ta ce, abin ya kusa zama banza.

Na ce, "Duk wannan karatu a kan abin da ido ba ya gani?"

"Ai siffar ce komai, Yaya. Jerin ƙwayoyin kowa ya sani. Yadda ya naɗe shi ne aikin."

Inna ta ce daga ɗaki, "Ku bar wagga tsutsa hakanan, ku bar mini ɗiya ta huta."

Ba mu taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, ni da ita. Ashe tsutsa muke jira.

Asabar, kafin magariba

Na ƙera. Tukur, maƙwabcin rumfata mai gyaran inji, ya ba ni wayar tagulla daga kwayil ɗin wani janareta da ya ƙone. Na tsinke tsofaffin carbi, na sami rawaya huɗu na masu farar wuta, ƙwayar ƙarshe kuma na sa wani jan dutsen wuya. Na naɗe tsakiyar a jikin ƙusa, na ɗaure gadojin biyu da siririyar waya. Tukur ya ce laya ce? Na ce digiri ne. Har wani manomi ya taya.

Na shigo gida ina ɗaga shi sama. Tana can ƙarshen tsakar gida a inuwa, ƙafafunta a kan kujera. Ban kai rabi ba ta fara dariya.

"Yaya, na hagu ne."

"Mene ne na hagu?"

"Murɗin. Ta hagu ka naɗe shi. Na jikin mutum ta dama yake tafiya, kamar noti."

Ni bahago ne. An doki hannun har aka gaji, ci da rubutu kaɗai suka koma dama. Waya kuwa, hannun ya naɗa yadda ya saba. Na ce to a juya ƙasan ya koma sama mana. Ta ce ko ta ina aka juya shi na hagu na hagu ne, kamar takalmi. Na juya, na sake juyawa. Gaskiyarta.

Na ce, "Ƙwaya ashirin da ɗaya cif, gada biyu, ga wutsiya da jan kai. Wa zai lura da murɗi?"

"Ni."

"Daga can?"

"Ko daga bakin titi."

Na ce kayan da aka karɓa ba a mayarwa. Ta ce ai ba ta karɓa ba tukuna. Jinin kasuwa ne a jikinta, ko Inna ta so ko ta ƙi.

Sai ta dafe goshi. Ta ce wa Inna, ba ni ba, tun safe kanta ke sarawa, kuma tana ganin tartsatsi kamar a wurin mai walda. Inna ta ce zafi ne. Ita ba ta ce zafi ne ba. Ta ce gobe da sassafe a kai ta asibiti, kada a jira ranar awo.

Na jefa abin a aljihu. Gobe zan gyara.

Lahadi, azahar

Sun riƙe ta. Ta bakin ƙofa na hango ma'aikaciyar ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta kwance ta ɗaura a ɗayan hannun, ta fita da sauri. Na san fuskar mutumin da ya buɗe buhu ya tarar ba yadda ya zata ba. Na kira Sharhabilu a Maradun. Ya ce yau motoci ba su fita ba, gobe ko a babur zai zo.

Litinin, hantsi

Ban buɗe rumfa ba.

Litinin, la'asar

Hindu ta fito ta same ni a gindin dogon yaro. Ta ce jikin yarinyar ya ɗauki jijjiga, ta ciji harshe, an fitar da su waje. A gabana Hindu ta kama sunanta sau biyu, ba ta ma san ta yi ba. Na yi kamar ban ji ba.

Sharhabilu ya iso fari fat da ƙura. An shiga da ita tiyata.

Talata, bayan azahar

Mace. Ba ta cika tafin hannu biyu ba, amma muryarta ta fi ta mai gwanjo. Uwar tana raye. Na rubuta wannan, na daɗe ina kallonsa.

Likitar, wata 'yar siririya da ba ta ɓata magana, ta ce wa Sharhabilu daga mahaifa abin ke tasowa, jijiyoyi su tsuke ko'ina a jiki, jini ya hau. Na sa baki na ce ko endotelin ne? Ta dube ni daga hula har takalmi. Ta ce yana cikin masu hannu, amma ba shi kaɗai ba. Na taɓa aljihuna. Ashe tun Asabar ɓarawon yana tare da ni.

Yau kasuwa ke ci. Ban tuna ba sai da na ji motocin albasa.

Alhamis, bayan azahar

An ce ta farka sosai, tana magana, har ta sha ruwan zafi. Na ce bari in je in tsokane ta, don ban san wata hanyar gaisuwa ba. Ɗakin mata ne, kuma ko ba haka ba ni ba mai shiga ba ne. Na tsaya a bakin ƙofa. Gadonta ne na biyu, bai kai nisan tsakar gidana ba. Inna na zaune kusa da ita, Hindu a ƙasa ta ba ta gefe tana ninke zannuwa.

Na yi wa Inna sannu, na yi wa masu jinya sannu. Sannan na fito da abin na ɗaga.

"Ga kayan wasu na kawo."

Ta juyo wajen muryata tana murmushi. Kumburin fuskar ya ragu.

"Ya yi kyau, Yaya. Ashe ka gyara."

Na ce, "To."

Ban gyara komai ba. Yadda na jefa shi a aljihu haka na fito da shi, har ya ɗan lanƙwashe.

Na fito na zauna a gindin dogon yaro. Wani mai rake ya yi mini magana, ban san me na ce masa ba.

Juma'a, bayan an sauko

Na tare Sharhabilu a hanyar masallaci. Yaro ne mai kirki, malamin makaranta, ƙarya ba ta zauna masa a fuska ba. Muka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi gajiya, na tambayi mutanen Maradun ɗaya bayan ɗaya har kakarsa. Sannan na ce, "Malam, tun yaushe?"

"Tun yaushe me, Baba?"

"Ni tiyo nake sayarwa. Na san yadda mutum ke tsayawa in ya ɗora yatsa a kan huji."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun da ta farka. Haske da duhu take rabewa, sauran dishi-dishi. Likita ta sani, ita ta fara gaya wa. Wai matsewar jijiyoyin ce ta sa ruwa ya taru a bayan ido. Yawanci yana janyewa in jinin ya sauka, makonni yake ɗauka, amma likitar ba ta yi alkawari ba. Ta roƙe shi kada Inna ta ji, don Inna ma zuciyarta ba ta da ƙwari, kuma za ta ce ita ce ta ce zafi ne. Kada Hindu ta ji. Kada Yaya ya ji.

Na ce, "To Yaya bai ji ba."

Albasar da ke ƙarshen fangali. Da bakina na faɗa ranar, ina jin daɗin na gane karatu.

Lahadi, la'asar

An sallame su, da jakar magani da ranar komawa. Likita ta hana kunun kanwa, ta hana wankan tafasasshen ruwa, ta ce gishiri ma a rage. Tun daga asibiti nake shirya yadda zan shawo kan Inna, don matar nan ta yi wa rabin Damri wankan jego, kuma ba a taɓa cin ta a gardama ba. Na tanadi hujja ta farko, ta biyu, da wadda zan fito da ita in ta tashi tafiya.

Na tarar ta riga ta ba awakin maƙwabta kanwar.

"Likita ta ce a bari, an bari. Mi kaka kallo?"

Na zo da shirin ciniki aka bar mini kaya kyauta. Abin bai kwanta mini ba.

Litinin, hantsi

An raɗa suna, ba taro, dabino da goro da rago ɗaya. Sharhabilu ya mai da sunan Inna. Yanzu mutum uku ke nan a ɗaki guda, ba wadda zan iya kira. Jaririyar dai jika ce, da ita ba kunya, na ce Amarya ce sunanta a wajena, kuma ta fara shirin tarewa don Hindu ta tsufa. Hindu ta ce sai dai in da tiyo zan yi lefe.

Amarya ta yi mini amfani. Duk abin da ba zan iya faɗa ba, ita nake gaya wa. "Amarya, a tambayar mini masu ɗakin nan ko sun sha magani." Sai a amsa daga gado, "Amarya, a ce masa an sha."

Na ɗaga abin daga bakin ƙofa. Inna ta ce, "Ga Ishaku nan da shuɗiyar rigarshi, ya ɗago tsutsar nan tashi." Tsufa ya fara sa Inna surutu, komai ta gani sai ta faɗa.

Ɗiyar Inna ta ce ya yi kyau.

Na yanke shawara. Kullum kafin in fita zan tsaya a nan in ɗaga shi. Ranar da ta zage shi, ranar na san ido ya dawo.

Talata, da safe

Ya yi kyau.

Alhamis, da safe

Ya yi kyau, Yaya.

Asabar, azahar

Na je alwala na dawo na tarar Tukur da abin a hannu, ya ɗauko filaya.

"Ka ce na hagu ne, kawo in murɗa maka shi daidai. Aikin minti biyu."

"Ajiye."

"Kai bahago ne, ba za ka taɓa iyawa ba."

"Tukur, ajiye mini abina."

Ya dube ni. Tun muna samari muke zagin juna, bai taɓa jin wannan muryar ba. Ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Can anjima ya turo mini rake.

A gida kuma Hindu ta sauya wa igiyar shanya wuri. Yanzu daga ƙofar ɗakin Inna take tafiya har bayi, daidai kafaɗa. Turmi da bokitai duk sun koma jikin bango. Na tambaya, ta ce rana ta fi bugawa a nan. Wurin inuwa ne. 

Litinin, da safe

Yau na kusa faɗawa rami. Na ɗaga, sai ta miƙo hannu.

"Yaya, kawo in taɓa mana. Tunda ka gyara ban riƙe shi ba."

Yatsun nan in suka bi wayar, sun gama da ni. Ta gane na hagu ne, ta gane na daɗe da sani, kuma ma'aunina ya lalace.

Na ce, "Amarya, a gaya wa wasu kayan talla ne. Ba a taɓawa sai an saya."

"Amarya, a ce masa na saya."

"A ce ba a yi wa mai jego ciniki sai ta yi arba'in."

"Wace kasuwa ce wannan?"

"Tawa."

Ta yi dariya har ta dafe wurin ɗinkin. Tana dariyar idanunta na kan bango, ɗan nesa da inda nake tsaye.

Laraba, da safe

Ta ce rigata ta yi mini kyau, farar. Har na fara murna. Sai na tuna Inna ta faɗi launin tun ina tsakar gida.

Juma'a, la'asar

An koma asibiti jiya. Jinin yana sauka. Ɗayan abin, Sharhabilu ya ce a ƙara haƙuri. Malamanta na Sakkwato sun ɗaga mata ranar kare aikin. Ya ce da ya gaya mata, ta ce to, ta juya wajen bango.

Ba kowa a rumfa, na fito da abin nan na waya na ɗora a kan benci. Ta taɓa gaya mini akwai wani maciji da ke shiga ƙasa, can wajen ƙasashen Larabawa, dafinsa kusan siffa ɗaya da wannan, har gadojin biyu. Na ce masa, kai da maciji kamarku ɗaya, amma kana zaune a jikin kowa ana ciyar da kai. Yarinyar nan ba wanda ya san ka kamar ta. Ta san inda ka murɗe, ta san wutsiyarka, dare da rana tana kallonka kamar ɗan da ta haifa. Ita ka ga damar matsa wa. To ni ban ce ka tafi ba, an ce in ba kai ruwa ba ya hawa. Ragi nake nema. Saki kaɗan.

Tukur ya leƙo ya ce da wa nake ciniki. Na yi istigfari, na tashi na yi alwala na kai maganar inda ake kai ta.

Lahadi, da safe

Ya yi kyau.

Litinin

Ban iya tsayawa ba yau. Na wuce ta bakin ɗakin kamar ina sauri. Ina zaure na ji ta ce wa Inna, "Yaya bai zo ba?"

Na dawo. Ya yi kyau.

Alhamis, da safe

Ta kare fuska da hannu da Inna ta ɗaga labule. Ban sa rai ba. Na rubuta ne kawai.

Talata, hantsi

Ranar kasuwa, na makara, Tukur ya kira sau biyu wai mutanen Bakura na jira. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Inna na shafa wa Amarya mai, Hindu ta shigo ajiye kwanon kunu, na gero zalla. Ɗiyar Inna tana zaune a bakin gado, labule a ɗage.

Inna ta fara, "Ga Ishaku nan da..."

"Bari, Inna."

Na ɗaga. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta tsuke ido, ta karkata kai, ta daɗe. 

"Matso da shi wajen haske."

Na matsa.

"Yaya." Ta ja numfashi. "Wannan ai na hagun ne. Har ya lanƙwashe. Duk kwanakin nan ba ka gyara ba?"

Ban san lokacin da na tsallake bakin ƙofar ba, da takalmi da komai. Na ji wani ya ce, "Hamdiyya." Muryata ce.

 Hindu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Inna ta ci gaba da shafa mai, ba ta ko ɗago ba.

"Ishaku, ashe ka san sunanta. Ni na ɗauka ba a gaya maka ba ran suna."

Na ce, "Inna, ba ki san abin da ake ciki ba."

"Ni? Ni na goye ta. Tun ranar da ta farka ta nemi hannuna ta kama ƙarfen gado na sani. Kai kana ganin don daɗi nike ta kiran launin rigunanka? Riguna ukku gare ka, duk sun tsufa."

Ɗiyar Inna kuma tana hawaye tana dariya, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, har yanzu da ɗan tsuke ido. Ta ce gefe-gefe bai washe ba tukuna, amma tsakiya ya fito. Ta ce tun jiya ta fara ganin kunnen Amarya, ta ƙi faɗa kada ya koma. Sai ta dawo kaina.

"Da gangan ka bar shi."

"Ni ban san zancen ba."

"Mutumin da bai taɓa tsayawa a ƙofata ba, sai ga shi kullum da safe da kayan talla. Na san akwai wani abu, ban dai san na hagun ne ba. Har ka bar ni ina ta yabon kayan banza."

Na ce, "Amarya, a gaya wa wasu an yaba kaya a gaban shaidu. Ciniki ya faɗa."

Ta karɓi Amarya daga hannun Inna, ta ɗaga ta kusa da fuskarta, ta manta da ni. Na cire takalmi na riƙe a hannu na fita, kamar hakan zai gyara shigar da na yi.

Talata, bayan an tashi kasuwa

Tukur ya naɗa mata sabo, na dama, ƙwaya ashirin da ɗaya, jan dutse a wutsiya. Ya fi nawa kyau, ban gaya masa ba. Na kai gida, ta duba shi ta kowane gefe, ta ce gada ɗaya ta yi tsawo. Na ce Alhamdulillahi. Ta ce me? Na ce ba da ke nake ba.

Inna ta ce sunan da na kama da safe an yafe mini sau ɗaya, kada in saba. Na ce to.

Na hagun na rataye shi a rumfa, sama da kilif-kilif. Wani ya sake tayawa ɗazu. Na ce ba na sayarwa ba ne, kuma karon farko a rayuwata ba don ya ƙara na faɗa ba.